Tiyatar wuya ga dattijo mai ciwon zuciya: shiri, aiki da jinya

Yawancin dattawan da likita ke yi wa maganar tiyatar wuya ba ciwon wuya ne ya kai su asibiti ba. Hannu ne ke fara kawo ƙara. Maɓallin riga ya gagari yatsu, carbi ya riƙa suɓucewa, sa hannu a takarda ya canza kama. Daga nan sai tafiya: ƙafafu su yi nauyi, mutum ya dinga tangaɗi a fili mai kyau, takalmi ya fice bai sani ba. Wasu in sun sunkuyar da kai sai su ji wani abu ya tsarga musu daga ƙeya zuwa gadon baya. A gida sai a ce tsufa ne, ko sanyi, ko suga ce ta taɓa jijiya, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har shekara ta zagayo.

Wuya yana da gaɓoɓin ƙashi bakwai a jere, da faya-fayan guringuntsi a tsakaninsu, kuma ta cikinsu akwai rami da laka ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa sauran jiki. Da shekaru suka ja, faifan kan bushe ya lotsa, ƙashi ya yi tsiro a gefe, ramin ya tsuke. An fi samun haka tsakanin gaɓa ta biyar da ta shida, da tsakanin ta shida da ta bakwai. Abin da aka danne shi ke nuna ko akwai gaggawa. Idan reshen jijiya ne mai zuwa hannu, zafi ne zai sauko daga kafaɗa zuwa yatsu, kuma galibi yakan lafa cikin mako 6 zuwa 12 da magani da gashi, ba tare da an kai ga wuƙa ba. Mai ciwon zuciya ba shi da dalilin gudu zuwa ɗakin tiyata a kan wannan, sai in hannun ya fara mutuwa. Idan kuwa lakar ce da kanta aka matse, magana ta canza. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ƙashin baya suka fitar a 2017 sun ba da shawarar tiyata ga wanda matsalarsa ta kai matsakaiciya ko mai tsanani, ga mai ƙarama kuwa a zaɓa tsakanin tiyata da gashi tare da sa ido. Manufar aikin ita ce a tsayar da ɓarna. Mutane da yawa suna samun sauƙi bayansa, amma lakar da ta daɗe a matse ba ta komawa yadda take, shi ya sa jinkiri ma yana da nasa kuɗin da ake biya.

A nan iyali ke tambaya, “To likita, zuciyar Baba za ta ɗauka?” Tambayar tana kan hanya, amma iyalai kan ɓata ta ta fuska biyu. Wasu da sun ji an ambaci tiyata sai su tattara tsohonsu su koma gida, a cewarsu mai ciwon zuciya ba ya tashi daga allurar barci. Wasu kuma, don kada a ɗage musu rana bayan sun sha wuyar haɗa kuɗi, sai su ɓoye cewa ana ganin likitan zuciya. Na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba. Ciwon zuciyar da aka sani ana iya shirya masa, a auna shi, a lallaɓa shi har a fito lafiya. Wanda aka ɓoye shi ne ke bayyana kansa a kan gadon tiyata, lokacin da babu damar komawa baya.

Kafin a je ga shiri, a kula da abu ɗaya: zafin hannun hagu ba kullum daga wuya yake ba. Na wuya yakan ƙaru da juya kai ko ɗaga shi. Na zuciya yakan zo da tafiya ko hawa tudu, tare da nauyin ƙirji ko gumi ko haki, ya lafa in an zauna. Dattijo na iya haɗa biyun, don haka hoton MRI da ya nuna matsewa a wuya bai wanke zuciya ba.

Awon zuciya kafin a tsai da rana

Ciwon zuciya iri-iri ne, kuma kowanne da irin haɗarinsa. A ƙasashenmu wanda ya fi yawa shi ne gazawar zuciya da hawan jini ya haifar. Wani babban bincike da aka buga a 2012, wanda ya bi marasa lafiya sama da dubu a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya samu hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari na gazawar zuciyar da ta kai su kwanciya. Bayansa akwai lalacewar bawul ɗin zuciya, da toshewar jijiyoyinta, da rikicewar bugu. Kada iyali su tsaya a kan “yana da ciwon zuciya”. Su nemi likitan zuciya ya rubuta wane iri ne, da ƙarfin da ya rage mata, a takarda da za a miƙa wa likitan tiyata da likitan sa barci.

Akwai ma'aunin da likitoci ke amfani da shi tun 1999, mai ƙirga abubuwa shida: girman aikin, toshewar jijiyar zuciya, gazawar zuciya, tarihin shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da ake yi wa allurar insulin, da raunin ƙoda. Duk wanda aka ƙara a kan wani, haɗari ya ƙaru. Shekaru kaɗai ba sa cikin shidan nan, ko da yake likita ba zai kau da kai daga gare su ba. Ɗan shekara 78 mai zuwa gona da ƙafarsa ya fi ɗan 62 da ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai uku.

Likita zai tambaya ko mara lafiya na iya hawa bene hawa biyu ba tare da ya tsaya hutu ba. Matsalar ita ce mai ciwon laka sau da yawa ƙafa ce ke hana shi hawa, ba numfashi ba, don haka amsar ba ta nuna gaskiyar zuciya. Saboda wannan aka fi dogara ga gwaji a irin waɗannan mutane: awon bugun zuciya na ECG, hoton zuciya na eko, da gwajin jini na ƙoda, da gishirin jiki, da yawan jini, da matsakaicin suga na wata uku. Ƙarancin jini abu ne da ake rainawa, alhali zuciya mai rauni ba ta jure shi. In an gano shi da wuri a gyara shi a makonnin jira, ya fi a dogara ga ƙarin jini ranar aiki.

Wasu halaye suna tilasta a dakata. Ƙafafu a kumbure, mutum na haki in ya kwanta: wannan zuciya ce da ruwa ya rinjaya, sai an janye ruwan tukuna. Bugun zuciya, wato toshewar jijiyarta kwatsam, da ya auku kwanan nan yana buƙatar aƙalla kwana 60. Shanyewar ɓarin jiki, aƙalla wata uku. Bawul da ya tsuke ƙwarai wani lokaci shi ake fara gyarawa kafin wuya. Wanda aka saka wa ɗan bututun buɗe jijiyar zuciya, wato sitent, yawanci ana son ya cika wata shida, ko shekara guda in bugun zuciya ne ya sa aka saka, domin a wannan tsakanin dakatar da maganin tsinka jini na iya toshe bututun nan take. Hawan jini da ya kai 180 bisa 110 a ranar duba shi ma kan sa a ɗage. Mai na'urar daidaita bugu a ƙirji ya zo da katinta, a duba ta kafin aiki, don na'urar ƙona jijiyoyin jini da ake amfani da ita a tiyata tana iya rikita ta, kuma ya ambace ta tun kafin a shigar da shi injin MRI.

Duk wannan jira na aikin da aka tsara ne. Tsohon da ya faɗi hannuwansa suka mutu, ko wanda ƙafafunsa ke ƙara sanyi a cikin kwanaki, ko fitsari ya fara kuɓuce masa, ba a ce masa ya jira wata shida. Likitocin za su zauna su auna wane haɗari ya fi kusa.

Magunguna

Idan akwai wurin da iyali ke da iko a hannunsu, nan ne. A tattara duk abin da dattijon ke sha, da kwalinsa, a zuba a leda guda a kai wa likitan sa barci. Har da na kemis da ba likita ya rubuta ba, har da na gargajiya, har da garin da wani ya kawo tsaraba. “Wani fari ƙarami da yake sha da safe” ba bayani ba ne.

Maganin tsinka jini shi ne kan gaba. A tiyatar wuya jini kaɗan ya ishi yin ɓarna, domin wurin matsattse ne: in ya taru a gaba ya danne hanyar numfashi, in ya taru a baya ya danne laka. In kuma aka daɗe ba a sha ba, jini ya daskare a zuciya ko ƙwaƙwalwa. Saboda haka kowane magani yana da nasa kwanaki. Warfarin akan tsayar da shi kwana biyar kafin aiki, a auna tsinkewar jini, wato INR, a tabbatar ya sauko ƙasa da 1.5, wasu likitocin laka ma sun fi son ya ƙara sauka. Clopidogrel kwana biyar zuwa bakwai. Rivaroxaban da apixaban kwana biyu zuwa uku, fiye da haka in ƙoda ta yi rauni. Mai bawul na ƙarfe ba a barinsa haka nan, akan riƙe shi da allurar heparin a kwanakin da ya ajiye warfarin. Ƙaramin asfirin, irin Vasoprin da dattawa da yawa ke sha kullum, shi ne aka fi yin taƙaddama a kansa: likitan tiyata yakan so a ajiye, likitan zuciya yakan so mai sitent ya ci gaba. Wannan gardama tasu ce, kuma dole su yi ta su gama kafin ranar. Aikin iyali shi ne su ƙi tashi sai an rubuta musu rana ta ƙarshe da za a sha kowanne. Na kawo waɗannan kwanaki ne don ku san abin da za ku tambaya, ba don wani ya tsayar da magani da kansa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ajiyewa ko da safiyar aiki. Masu rage saurin bugu, irin su atenolol da bisoprolol da carvedilol, in mutum ya saba da su aka yanke masa kwatsam zuciya na iya zabura. Ana haɗiye su da kurɓin ruwa. Amma wanda bai taɓa sha ba, ba a fara masa ranar tiyata. Wani gwaji da aka yi a kan mutum fiye da dubu takwas, aka buga a 2008, ya nuna fara metoprolol dab da aiki ya rage bugun zuciya amma ya ƙara shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. Maganin rage kitsen jini, kamar atorvastatin, shi ma ana ci gaba da shi. Lisinopril da losartan da danginsu likitoci da yawa suna tsallake su na awa 24 don kada jini ya faɗi a ƙarƙashin allurar barci. Sababbin magungunan suga da ake ba masu gazawar zuciya, dapagliflozin da empagliflozin, ana ajiye su kwana uku kafin aiki. Insulin da metformin da maganin fitsari irin Lasix, likitan sa barci zai faɗi yadda za a yi da su a ranar.

Sai maganin ciwon jiki. Tsohon da wuya ya dama kusan kullum za ka same shi da diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, ko haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna. Waɗannan suna tara ruwa a jiki, suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda, suna ƙara zubar jini. Ga mai gazawar zuciya bai kamata a ce suna gidan ba ma. Kayan gargajiya da na ƙarin kuzari, musamman masu tafarnuwa ko citta da yawa, a ajiye su mako biyu kafin aiki. Mai shan taba ya daina aƙalla mako huɗu kafin ranar, kuma kada ya koma, don taba tana hana ƙashin da aka haɗa kamawa.

Ta gaba ko ta ƙeya, kuma a ina

Hanya biyu ake bi. Ta gaba, ana tsaga gefen maƙogwaro, a ture hanyar iska da ta abinci gefe guda, babbar jijiyar jini ɗaya gefen, a cire faifan da ya lalace, a sa madadinsa, sau da yawa a ɗaure da ɗan faranti da kusoshi. Likitocin Amurka, Smith da Robinson da kuma Cloward, su suka bayyana wannan hanya a shekarun 1950. Mara lafiya yana rigingine, jini ba ya zuba da yawa, ciwon bayan aiki da sauƙi. Ta ƙeya kuwa ana cire murfin ramin ko a buɗe shi a faɗaɗa, dabarar da likitocin Japan suka inganta a shekarun 1970. An fi bin ta idan gaɓoɓi da yawa ne suka tsuke. Mara lafiya yana rub da ciki, kuma wannan kwanciya tana rage jinin da ke komawa zuciya. Siffar matsewar ce ke zaɓar hanya, amma ya halatta iyali su tambaya ko akwai aiki mafi gajarta da zai biya buƙata. Ga dattijo mai raunin zuciya, aikin awa biyu da ya saki laka ya fi na awa shida da ya gyara komai a hoto. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ya faɗa, don ƙila a so duba jijiyoyin jinin wuyansa kafin a bi ta gaba.

Ana yin irin wannan aiki a manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta asibitin koyarwa na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Duk inda aka zaɓa, sunan likitan tiyata kaɗai bai isa ba. A tambaya: akwai gado a sashen kulawa ta musamman da aka tanada masa daren farko? Akwai likitan zuciya da za a iya kira cikin dare? An tanadi jini? Wa zai duba shi da ƙarfe biyun dare in numfashi ya canza? Masu hali da ke tafiya Indiya ko Masar su tafi da duk takardun zuciya, kada su yi gaggawar hawo jirgi, kuma su san wa zai karɓi jinyar a gida tun kafin su tashi.

Takardar amincewa kuma dattijon ne ya kamata ya sa mata hannu in hankalinsa na nan. Al'adar 'ya'ya su ja likita gefe su ce “kada a gaya wa Hajiya, hankalinta zai tashi” tana fitowa daga ƙauna, amma wuyanta ne da zuciyarta. A yi mata bayani da Hausa, a zaune, a bar ta ta yi tambaya, ta yi istihara in tana so.

Ranar aiki da kwana ukun farko

Ana barin abinci awa shida kafin aiki, ruwa zalla awa biyu. Kunu da koko da shayi mai madara duk abinci ne. Kada a wuce gona da iri a hana tsoho ruwa tun magariba, don bushewar jiki tana faɗar da jini. A cire haƙoran roba, a ambaci haƙorin da ke girgiɗi. Likitan sa barci yana da aiki biyu masu wuya a lokaci guda: ya sa bututun numfashi ba tare da ya lanƙwasa wuyan ba, sannan ya riƙe jini a sama yadda lakar da ke matse za ta samu rabonta, ba tare da ya ɗora wa zuciya abin da ya fi ƙarfinta ba.

Da an fito ana cewa alhamdu lillahi an yi nasara, sai kowa ya saki jiki. Alhali ga mai ciwon zuciya yanzu aka shiga wurin da ya fi haɗari. Bincike ya nuna yawancin bugun zuciyar da ke biyo bayan tiyata yana aukuwa ne cikin awa 48 na farko, kuma kusan biyu cikin uku ba sa zuwa da ciwon ƙirji, don maganin kashe zafi ya rufe shi. Alamarsa na iya zama haki kawai, ko gumi, ko faɗuwar jini, ko ruɗewa. Shi ya sa asibitocin da ke da hali suke auna troponin, alamar raunin zuciya, a jini kwana biyu ko uku a jere ko da mara lafiya bai yi ƙorafi ba. A tambaya ko za a yi. Ƙarin ruwa ma a sa masa ido: leda bayan leda ga zuciyar da ba ta da ƙarfi yana ƙarewa a huhu.

Mai jinya na daren farko ya zama wanda ba ya barci da nauyi, kuma ba ya jin nauyin tada nas. Abin da zai duba a wuya shi ne kumburi da ke ƙaruwa, murya da ke canzawa, numfashi mai ƙara, mara lafiya ya ƙi kwanciya yana cewa ana shaƙe shi, ko yawu ya gagare shi haɗiya. Wannan ba a jira zagayen safe, minti ake ƙirgawa. Haka nan in hannu ko ƙafa da ke motsi da yamma ya daina motsi da dare.

Ruɗewa tana yawan samun tsofaffi a waɗannan kwanaki. Baba ya riƙa sambatu, ya kira waɗanda suka rasu, ya nemi tsige robar hannunsa, ko ya yi shiru fiye da ɗabi'arsa. Ba hauka ba ne, ba kuma iska ba. Sau da yawa alama ce ta ƙarancin iskar oksijin, ko fitsari da ya ƙi fita, ko zazzaɓi, ko magani irin tramadol da ya yi masa yawa. A sanar da likita, a mayar masa da tabarau da abin jinsa, a bar fuska ɗaya da ya sani kusa da shi. 'Yan dubiya kuma a yi musu godiya daga waje. Dubiya lada ce, amma ɗaki cike da mutane da turare da tari ba alheri ba ne ga wanda aka taɓa masa maƙogwaro jiya.

Tashi da wuri magani ne. Washegari, in likita ya yarda, a zaunar da shi, a tsayar da shi, ya taka ko zuwa ƙofa, da mutum a gefensa. Kwanciya tana kawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa.

Kafin sallama, kada a fita sai da amsar wannan a rubuce: wace rana za a koma shan maganin tsinka jini, kuma wa ya yanke? Nan ne aka fi yin saki na dafe. Likitan tiyata yana zaton na zuciya zai faɗa, na zuciya bai san an sallame shi ba, dattijo ya yi wata guda a gida ba magani.

A gida

Wahalar haɗiya bayan aikin gaba abu ne da aka saba gani, kuma yawanci tana wucewa cikin makonni. A fara da abu mai laushi da ɗan kauri: kunu, fate, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa ko kuka, ƙwai, ayaba. Ruwa tsararo ya fi saurin ƙware mutum. Ya ci a zaune tsaf, loma ƙanana, kada ya kwanta nan da nan. Kada a daka ƙwayar magani sai an tambayi mai harhaɗa magani, don wasu na hawan jini an yi su ne su narke a hankali, in aka daka sai su shiga jini gaba ɗaya. Tari duk lokacin cin abinci tare da zazzaɓi yana nufin abinci na bin hanyar iska. Dishewar murya ma takan wuce. Wasu, musamman bayan aikin ƙeya, kafaɗa kan yi musu rauni su kasa ɗaga hannu bayan 'yan kwanaki. A nuna wa likita, amma galibi tana dawowa cikin watanni.

Abincin jinya na gida yakan zo da gishiri da dunƙule da yawa don a ja ran mara lafiya. Farfesu da romo a rage musu, a bar kunun kanwa, don kanwa ita ma gishiri ce a wurin zuciya. A auna nauyinsa kowace safiya in akwai sikeli. Ƙarin fiye da kilo biyu cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba. Mai shan warfarin kada ya canza yawan ganyen da ya saba ci, kamar alayyahu da kabeji, kuma ya sani Flagyl da Septrin suna ƙara wa maganin ƙarfi, don haka a sake auna INR in an ba shi su. Don zafi, paracetamol shi ne tushe, kada ya wuce giram uku a yini ga tsoho sai da izinin likita. Magungunan zafi masu ƙarfi suna ƙulle ciki, kuma nishi a ban ɗaki yana wahalar da zuciya da wuya duka, saboda haka a nemi mai sassauta ciki tun farko. Masai na tsuguno a ɗora masa kujera.

Kwalar wuya a bi abin da likitan ya ce: wasu ba sa ba da ita sam, wasu makonni. Mai sanye da ita ba ya ganin ƙafafunsa, don haka a kwashe tabarmi mai naɗewa da butoci daga hanya, a sa fitila tsakanin gado da ban ɗaki, tunda maganin fitsari zai tashe shi cikin dare. Kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo huɗu ko biyar a makonni shidan farko, har da jika da buta babba. Ɗaukar kaya a ka ta ƙare. Acaɓa a manta da shi, a daidaita sahu ma a kan hanya mai gargada sai dole. Tuƙi sai likita ya sake shi.

Salla tana damun dattawa fiye da komai, kuma wasu kan saci jiki su yi sujada tun ɗinki bai warke ba. Shari'a ta ba mara lafiya damar yin salla a zaune ko a kwance gwargwadon ikonsa. Ya zauna a kujera, ya yi nuni da rankwafar da jiki kaɗan ba tare da lanƙwasa wuya ba, wajen sallama ya juya da kafaɗunsa. In ya ƙi jin ta 'ya'yansa, a kawo malamin da yake girmamawa ya faɗa masa. Haka azumi in watan ya riske shi cikin jinya.

Kada a bar maɗori ko mai tausa ya murɗa wuyan, kada mai aski ya lanƙwasa shi bayan aski, kada wanzami ya yi ƙaho ko tsaga a ƙeya, balle ga mai shan maganin tsinka jini. Gashin da ya dace shi ne na ma'aikacin asibiti da ya ga takardar aikin.

A koma asibiti ba jira idan aka ga ciwon ƙirji, ko haki a kwance, ko suma, ko bugu mai sauri marar tsari, ko baki ya karkace, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko baƙin bayan gida, ko ɗinki na fitar da ruwa, ko rauni sabo a hannu ko ƙafa.

Ƙashin da aka haɗa yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya kama, wani lokaci shekara. Sauƙin laka ya fi yawa a watanni shidan farko, sannan ya ci gaba a hankali. Zafin hannu yakan riga tafiya, dindiris ɗin yatsu yakan daɗe, wani ma ba ya barin mutum gaba ɗaya. Tafiya a fili mai kyau sau biyu ko uku a yini, ana ƙara tsawonta kaɗan-kaɗan, tana yi wa laka da zuciya aiki tare, muddin yana iya magana yana tafe. A ga likitan zuciya cikin mako biyu da sallama, ba sai ranar da ya saba ba, domin magungunan da aka taɓa suna buƙatar a mayar da su daidai.

Wani lokaci kuma likitocin uku za su zauna su ce haɗarin ya fi amfanin, ko dattijon da kansa ya ce ya ji, ba ya so. Wannan ma hukunci ne mai daraja, kuma yana da nasa aiki. Wuyan da ya tsuke faɗuwa ɗaya na iya shanye shi, don haka sanda ko abin dogarawa mai ƙafa huɗu, maƙali a bangon ban ɗaki, gyaran tabarau, da duba magungunan da ke sa jiri in an miƙe, duk sun zama wajibi. A ci gaba da gashi a asibiti, a koma wurin likitan laka duk bayan 'yan watanni, kuma a sake buɗe maganar tiyata in zuciya ta samu sauƙi ko tafiya ta ƙara lalacewa.